Abin da Ban Gaya wa Saratu Ba

Asabar, 7 ga Mayu, ƙarfe goma na safe, asibiti a Maradi

Saratu ta sha ruwa yau, cokali uku. Sun ce kada a ƙara mata sai la'asar.

Wannan kayen, littafin shirya darussan ajina ne. Shi kaɗai na tarar a jakata da muka baro Madarumfa a guje ranar Alhamis. Na juya shi ta baya na fara rubutu, don ba ni da wanda zan gaya wa. Shekara tara ina koya wa yara yadda ake jera magana a takarda, ga ni yau ban san ta inda zan kama ba.

Jaririn namiji ne. Bai zo da rai ba. Ni da yayana Umar muka binne shi nan Maradi kafin magariba, ita tana can ba ta farfaɗo ba. Wannan ta sani, yayarta Ɗelu ce ta gaya mata jiya. Ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuskarta bango.

Akwai na biyu. Shi ne ba ta sani ba.

Ranar Laraba kuwa ba zan rubuta komai a kanta ba.

Lahadi, 8 ga Mayu, bayan azahar

Zafi. Ina gindin dogon yaro tare da sauran mazan da ke jiran matansu. Ba a barinmu ciki sai lokacin ziyara. Kowa da butarsa da tabarmarsa, ana hirar ko ruwa zai sauka da wuri bana.

Bari in rubuta yadda aka yi, sau ɗaya tak. Likitan ya fito da takarda a hannu, gaban rigarsa duk jini. Ya ce, "Kai ne mijinta?" Na ce ni ne. Ya faɗi abin da Faransanci, sa'annan ya maimaita da Hausa, yana zaton ban gane ba. Na gane tun farko. Mahaifa ta tsage, jini ya ƙi tsayawa, in ba a cire ta yanzu ba Saratu ba za ta kai la'asar ba. Na laluba aljihu, bik ja kaɗai gare ni, alƙalamin da nake gyaran aikin yara da shi. Ya ce ba komai, sa hannu. Na sa.

Ban yi nadamar sa hannun ba. Ko yanzu aka sake kawo takardar zan sa. Amma shekarunta ashirin da shida, ɗiya ɗaya gare mu, Nana, kuma ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba har abada. Ni kuwa ko ƙwarzane babu a jikina.

Umar ya ba da jini. Yana tsaye bayana lokacin da likitan ke magana, ya ji komai. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ya ce, "Haba Kabiru, ni yaro ne?"

Litinin, 9 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Ungozomar ɗakinsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta kira ni gefe. Ta ce likita zai zagayo yau ya yi wa Saratu bayanin aikin da aka yi mata. Na ce don Allah a dakata, ni zan gaya mata da kaina in ta yi ƙarfi.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta kira ni yadda ake kiran malami namiji da Faransanci. "Mushe, jikinta ne fa."

"Na sani, Madam. Yanzu ta rasa ɗa. In aka haɗa mata biyu ba za ta iya ɗauka ba."

"Mata na ɗaukar abin da ya fi haka a ɗakin nan kullum. Ku ne ba ku iya tsayawa ku kalle su suna ɗauka."

Na yi ta roƙo har ta yarda, ba don ranta ya so ba. Ta ce ranar 14 ga Yuni Saratu za ta dawo a duba ta, in ta tarar ban faɗa ba ita za ta faɗa a gabana.

Karnen asibitin, ɗan littafin da likita ke rubuta komai a ciki, yana hannuna. Saratu ta yi lekol, makarantar boko, har aji shida, tana iya haɗa harufa. Na sa shi a jakata.

Talata, 10 ga Mayu, la'asar

Nono ya zo mata. Ya cika, ya kumbura, ya jiƙa riga. Yaya Ɗelu ta ɗaure mata ƙirji da zane tamau, ta ce haka ake yi har ya kafe. Na shiga na tarar tana cije leɓe.

Ta ce, "Mushe, jikina bai san ya mutu ba."

Haka take kirana tun kafin aure, kamar yaran ajina. Na riƙe ƙarfen gadon. Na ce Allah zai sawwaƙe. Iyakar abin da na iya ke nan.

Alhamis, 12 ga Mayu, Madarumfa, bayan an tashi lekol

Direktan makarantarmu ya kira ni a salula, na dawo da safe na bar Yaya Ɗelu da ita. Gobe ranar matan Nijar ce, kuma ni ke rubuta masa jawabin kowace shekara. Ya ce ba wanda ya iya shi kamar ni.

Na rubuta. Shafi biyu, cikin rabin awa. Mace ita ce uwar al'umma, a ba ta haƙƙinta, a saurari muryarta, kada a yanke mata shawara ba da saninta ba. Hannuna ya san hanyar, ba sai na yi tunani ba.

Na kulle karnen a cikin kabad ɗin ajina, ƙarƙashin kwalin alli.

Juma'a, 13 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Malamai mata duk sun yi anko. An tafa wa direkta sosai. Madam Firdausi mai aji uku ta matso ta ce, "Mushe Kabiru, na san hannunka ne. Da maza goma irinka gare mu a garin nan da mun huta." Ta tambayi jikin Saratu. Na ce da sauƙi.

Ban tsaya cin shinkafar bikin ba.

Lahadi, 15 ga Mayu, bayan magariba

Jiya aka sallame ta. Umar ya ɗauko mu, yana tuƙi a hankali, yana kauce wa ramuka. Nana ta ruga za ta faɗa jikin uwarta, Ɗelu ta tare ta. Ta leƙa bayan Saratu, ta leƙa hannun Ɗelu, ta ce, "Ina jaririn?" Inna, mahaifiyata, ta ja ta waje.

Likita ya hana wankan jego da tafasasshen ruwa saboda ɗinki. Inna ba ta ji daɗi ba, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai jegon da ba a gasa ta ba. Na ce dokar likita ce. Ta dube ni ta ce, "Dokar likita ta yi yawa a gidan nan."

Mata na ta shigowa gaisuwa. Maza a waje wurina. Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da rayayye. Ina ta amin.

Talata, 17 ga Mayu, safe kafin lekol

Ta ci tuwo jiya, da miyar kifin da Ɗelu ta sayo bakin tafki. Ta yi tafiya daga ɗaki zuwa gindin ɗorawar tsakar gida ba tare da an riƙe ta ba.

Ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Sai ta ƙara ƙarfi.

Laraba, 18 ga Mayu

Laraba. Mako biyu.

Alhamis, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Inna ta kira ni ɗakinta ta sa na tura ƙofa. Tun kafin ta buɗe baki na san Umar ya faɗa.

"Da gaske ne sun kwashe mata kayan haihuwa?"

Na ce, "Rai aka ceta, Inna."

"Ban ce ba a ceci rai ba. Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ina son ta. Amma kai fa? Ɗiya mace guda, shi ke nan? Ubanka ya bar ku shida."

Na ce Saratu ba ta sani ba, don Allah ta riƙe bakinta. Ta ce ita ba ta da surutu. Ta ce kuma ba yanzu take nufi ba, sai an yi arba'in, amma in fara tunanin ƙarin aure.

Na je tasha na sami Umar yana jiran fasinjan Ɗan Issa. Ya ce uwa ce ta tambaye shi, ya zai yi mata ƙarya? Ya ce matarsa ma ba shi ya gaya mata ba, a bakin Inna ta ji.

Matarsa.

Asabar, 21 ga Mayu, hantsi

Na shiga ɗaki na tarar da ita zaune bakin gado tana ninke kayan jaririn. Ƴan riguna huɗu, hula biyu, da shawul ɗin da ta sayo a kasuwar Maradi tun cikin yana wata biyar. Ta jera su a ƙasan akwati ta barbaɗa kanumfari don kada asu ya ci.

Ta ce, "Na gaba zai same su. Amma Mushe, in Allah ya sake kawowa, ba zan jira kowa ba. Da na ji ciwo ni da kaina zan kama hanyar likita, ko da rarrafe."

Ba ta dube ni ba da ta ce ba zan jira kowa ba.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kin sha maganinki?"

Litinin, 23 ga Mayu, bayan magariba

Na je fada, majalisarmu ta bakin titi, don in sha shayi in huta da tunani. Da na zauna hira ta mutu, sa'annan ta tashi ta wani gefe. Ɗan Azumi mai facin taya ne ya kasa haƙuri. Ya ce shi dai ya ji an ce macen da aka yi wa irin wannan aiki ba ta ƙara sha'awar namiji, ta zama kamar ƴar'uwarka a gida. Wani ya ce ƙarya ne, ƙanwar matarsa an yi mata, suna nan lafiya da mijinta. Wani ya ce Allah ya yi wa namiji gata, ga tsohon da ke bayan masallaci ya haura saba'in an yi masa suna bara. Aka yi dariya. Ba wanda ya ambaci sunan Saratu. Ba wanda ya dube ni.

Na ajiye kofin na tashi. Ɗan Azumi ya biyo ni yana cewa ba da ni yake ba.

Maza tara a bakin titi sun san abin da ke cikin cikin matata. Ita tana gida tana lissafin watan da ya kamata ta huta kafin wani.

Talata, 24 ga Mayu, lokacin hutun yara

Akwai abin da nake jin kunyar rubutawa, amma ba mai karanta wannan.

Jiya da yamma tana shafa man kaɗe a ƙafafunta, zanen ya zame daga kafaɗa, na ji abin da namiji ke ji. Mako uku bai cika ba da na sa ɗana a rami. Ita ko tari ta yi sai ta dafe ciki. Jikina bai rasa komai ba, bai ma san an yi wani abu ba, yana nan yana neman abin da ya saba. Tare muka yi cikin nan, a ɗaki ɗaya. Ita ta yi wata tara tana amai da kumburin ƙafa, aka tsaga ta, aka cire. Ni na sa hannu da bik.

Kuma tun ran da Inna ta yi maganar nan, sau biyu na kama kaina ina tunanin yaro namiji yana bina gona. Ban kori tunanin da wuri ba.

Alhamis, 26 ga Mayu, bayan an tashi lekol

Madam Firdausi ta tsaya ƙofar ajina har yara suka watse. Ba murmushi yau.

"Mushe Kabiru, jiya na je gaida Saratu. Tana ba ni labarin sunan da za ta sa wa na gaba. Ni kuma na riga na ji komai a bakin famfo tun shekaranjiya."

Na ce ina jira ta yi ƙarfi.

"Ta fi ka ƙarfi yanzu haka. Na zauna gabanta ina ta haɗiye magana, na fito ina jin kamar na yi mata sata. Duk macen da ta shiga ɗakin nan haka take fitowa. Ka mai da mu maƙaryata gaba ɗaya."

Na ce ba ta san yadda abin yake ba.

"Na sani. Ni ma an gaya wa mijina sakamakon awona kafin ni, ina zaune a wurin, kamar akuya aka kawo." Ta gyara mayafinta. "Jawabin nan naka, ka karanta shi kuwa bayan ka rubuta?"

Yau zan faɗa.

Alhamis, bayan isha'i

Ban faɗa ba. Nana na zazzaɓi.

Juma'a, 27 ga Mayu

Ban faɗa ba.

Lahadi, 29 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Ta sani.

Litinin, 30 ga Mayu, safe, ban je lekol ba

Jiya bayan azahar ta aiki Ɗelu da Nana gidan Umar. Ta kira ni ɗaki. Tana zaune a tabarma, ta jingina da gado.

Ta ce, "Mushe, zan tambaye ka abu, kada ka ce mini in sha magani. Ina jin maza a waje suna ce maka Allah ya ba da rayayye. Makon farko ni ma ana ce mini. Yanzu an daina. Mace ta shigo, ta ce Allah ya ba ki haƙuri, ta dubi cikina, ta dubi ƙasa. Jiya tsohuwar gidan liman ta riƙe hannuna ta ce in riƙe Nana da kyau. Ina karnena?"

Na ce yana lekol.

"Me karnena ke yi a lekol?"

Na durƙusa gabanta na faɗa. Duka, da kalmomin likitan. Ban ɗauki minti biyu ba. Abin da na yi kwana ashirin da huɗu ina ɗauke da shi, minti biyu.

Ta sa hannu biyu a kan cikinta. Ta daɗe haka. Sa'annan ta ce, "Wa ya sani?"

Na ce Umar. Ta jira. Na ce Inna. Ta jira.

"Ɗan Azumi ya sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Mai facin taya ya san ba ni da mahaifa, ni ina barbaɗa kanumfari."

Na ce na ji tsoron kada abin ya yi mata yawa. Na ce don ita na yi.

"Ranar Laraba ma don ni ka yi?"

Na ce ba zan rubuta ba, amma ita ta faɗa, to ga shi yadda ta faɗa. "Da asuba na riƙe rigarka na ce wannan ciwon ba irin na Nana ba ne, ka kai ni. Ka ce bari Inna ta zo ta gani, sha'anin mata ne. Ka ɗauki jakarka ka tafi lekol. Ka dawo da azahar na sake faɗa, Inna ta ce raki ne, kai ka tsaya bakin ƙofa kana kallon takalminka. Da lokacin kai ni ya yi, sha'anin mata ne. Da lokacin sanin abin da ke jikina ya yi, ya zama sha'anin maza."

Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Ta ce in je in ɗauko mata karnenta. Na je da ƙafa, cikin rana, na buɗe ajin na ɗauko. Akwai ƙurar alli a bangonsa. Ta goge da gefen zanenta.

Talata, 31 ga Mayu, hantsi

Sun tafi Safo gidan iyayenta, ita da Ɗelu da Nana. Umar ya kawo mota, ta ce a'a, suka shiga ta kasuwa. Ɗelu ba ta yi mini sallama ba. Ita ma sai jiya ta ji, mako uku tana jinya ba wanda ya gaya mata, don an san ba za ta ɓoye wa ƙanwarta ba.

Akwatin kayan jaririn yana nan. Ba ta ɗauka ba.

Alhamis, 2 ga Yuni

Inna ta aiko da tuwo. Ban buɗe ba.

Asabar, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwan farko ya sauka jiya. Gari duk ya fita shuka. Na je gonarmu da ke hanyar tafki ni kaɗai, ina sara ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Bara ni ke sara, ita ke bina da ƙwaryar gero.

Da na dawo Inna na jirana. Ta ce tunda yarinyar ta yi yaji da kanta, ai hanya ta buɗe. Har ta ambaci sunan wata. Na ce, "Inna, ranar Laraba da muka kai ta, da yanzu jikanki na hannunki." Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta ce ita ta haifi shida a ɗakin nan ba likita. Sa'annan ta fashe da kuka, ta ce ita ma ba ta barci, kullum tana jin muryar yarinyar tana kiran sunan Allah. Ta ce haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta, ba wanda ya taɓa ce mata akwai ciwon da ba a daurewa.

Na zauna kusa da ita. Ban san wa zan ba haƙuri ba.

Lahadi, 5 ga Yuni, Safo, azahar

Baban Saratu ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Mun gaisa, mun yi maganar ruwa da iri. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, ya gode da na ceci ran ɗiyarsa. Ya aika a kira ta. Nana ce ta fito ta hau cinyata, ta ce mamanta ta ce tana barci.

Ina jin muryarta a tsakar gida tana yi wa Ɗelu magana.

Laraba, 8 ga Yuni

Yara na jarrabawa. Na zauna ina kallonsu, mata goma sha tara a ajin. Na yi ta ƙirga su ban san dalili ba.

Lahadi, 12 ga Yuni, Safo

Yau ma ba ta fito ba. Amma Ɗelu ta kawo saƙo: jibi ƙarfe bakwai in tsaya mata a bakin hanya, za ta asibiti. Ta ce in zo ni kaɗai.

Talata, 14 ga Yuni, bayan magariba, Madarumfa

Kwana arba'in yau.

Ta rame, amma tana tafiya a miƙe. Muka shiga motar Maradi. A asibiti na tashi zan bi ta, ta ce, "Zauna nan." Na zauna a benci. Ta yi kusan awa ɗaya a ciki. Ungozoma mai tabarau ta leƙo sau ɗaya, ta gan ni, ta koma.

Da ta fito muka nemi inuwa a bayan katangar asibitin, inda masu sai da fura suke. Ta ce ɗinki ya warke. Ta ce ta yi tambayoyinta duka, har waɗanda ba a tambaya. Al'ada ba za ta ƙara zuwa ba. Sauran kuwa, abin da ke tsakanin mace da miji, an ce mata ba abin da ya taɓa shi, tana nan yadda take. Ta faɗi haka tana kallon titi.

"Na gaya maka ne don kada ka je fada ka tambaya."

Na ce Saratu, ki yafe mini.

"Ban kai nan ba tukuna." Ta juya ƙwaryar furar a hannunta. "Za ka yi aure. Kada ka rantse, na san za ka yi, ko ba bana ba. Kai kana da sauran haihuwa, ni tawa ta ƙare, ba kai ka tsara haka ba. Abu ɗaya nake so. Ranar da ka fara tunaninsa, a bakinka zan ji, kafin Inna, kafin Umar. In zan zauna in zauna da sanina, in zan tafi in tafi da sanina."

Na ce na riga na fara tunaninsa. Sau biyu, ko uku. Ban san yadda aka yi na faɗa ba.

Ta dube ni, karo na farko tun ranar Lahadin nan. Ta ce, "To."

Wata mota ta wuce da buhunan taki. Sai ta ce, a hankali, "Ba wanda ya nuna mini shi. Da wa ya yi kama?"

Na gaya mata. Yana da gashi baƙi sosai, a kwance, har goshi. Kunnuwansa ƙanana ne irin nata. Yatsunsa dogaye, har da farce. Yana da nauyi, ya fi Nana nauyi ranar da aka haife ta, hannuna ya gaji kafin mu isa. Na ce fuskarsa ba ta nuna wahala ba, kamar in an tashe shi zai tashi. Na gaya mata da wane zane muka naɗe shi kafin a kawo likkafani, nata ne, mai ruwan ganye. Na gaya mata inda yake, kusa da wata ƙaramar aduwa, da yadda na sa dutse biyu don in gane wurin.

Nan ta yi kuka. Ta kifa kai a gwiwa ta yi ta yi, mai furar ta kawar da kai. Na sa hannu a bayanta, ba ta ture ba.

A Safo ta sauka. Ta ce za ta zauna har a gama noman farko, daga nan ta ga abin da zuciyarta ta ce. Ta ce ranar Juma'a in zo da akwatin nan, akwai wata maƙwabciyarsu da ta haihu ba ta da ko riga ɗaya.

Shawul ɗin dai ta ce in cire in ajiye mata.